BAƘIN DAGONA: YADDA MUTUMIN FATASKUM ZAI SHIRYA KAI MUSU ZIYARA

Duk shekara idan kaka ta yi, aka fara jin iskar hunturu da asuba, akwai waɗansu 'yan ci-rani da kan sauka a Jihar Yobe ba tare da sun biya kuɗin mota ko sun nuna takarda a bakin iyaka ba. Tsuntsaye ne na ƙasashen Turai da yammacin Asiya, waɗanda sanyi da ƙanƙara kan koro daga gida, su ƙetare Bahar Rum da hamadar Sahara, su zo su yi wata biyar ko shida a fadamun Haɗeja da Nguru. Masaukinsu da ya fi suna shi ne tabkin Dagona da ke ƙasar Bade, tsakanin Gashuwa da Nguru.

Abin mamaki shi ne Bature kan taso tun daga Ingila ko Holan, ya kashe kuɗi masu yawa don ya zo ya gan su, alhali kuwa akwai mutumin da aka haifa a unguwar Yindiski cikin garin Fataskum, ya yi shekara ashirin yana harkar shanu a Agege ko yana sayar da albasa a Mil Sha Biyu, bai taɓa sanin cewa tafiyar rabin yini ce kawai tsakanin ƙofar gidansu da wannan wuri ba. 'Ya'yansa da aka haifa a Ikko sun san Gadar Eko, sun san bakin teku, amma idan aka ce su bambance dinya da kirinjijiya sai su yi zuru. Idan irin wannan magidanci ya yi niyyar kai iyalinsa gida bana, yana da kyau ya ware kwana biyu ko uku cikin hutunsa saboda wannan ziyara. Sai dai tafiya ce mai bukatar shiri, gama wanda ya je ba kan lokaci ba zai tarar da busasshen laka da garken shanu, ya koma yana cewa an yi masa ƙarya.

LOKACI

Abu na farko shi ne wata. Baƙin kan fara isowa daga watan Satumba zuwa Oktoba, lokacin da ruwan ambaliya ya cika fadama. A wannan lokaci kuwa sun warwatsu ko'ina, hanyoyin ƙauyuka kuma ba su gama bushewa ba. Yayin da ruwa ya fara ja, sai su riƙa taruwa a 'yan tabkunan da suka rage, har a ga dubbai a wuri guda. Saboda haka daga tsakiyar Disamba zuwa ƙarshen Fabrairu shi ne lokacin kallo. Cikin watan Maris sukan fara ɗaura niyyar komawa, kafin Afrilu ya ƙare wuri ya zama na 'yan gida.

Wannan magana ta dace da mazauna Kudu ƙwarai, don yawancinsu da Salla suke zuwa gida. Shekarun baya da Salla ke kamawa da bazara ko da damina babu yadda mutum zai haɗa ta da wannan kallo. Amma Ƙaramar Salla ta 2025 ta kama ran 30 ga Maris, kuma kowace shekara tana matsowa da kamar kwana 11, watau ta doshi tsakiyar hunturu ke nan. Nan da 'yan shekaru wanda ya zo gida Salla zai iske baƙin ba su tashi ba. Masu 'ya'ya a makaranta kuwa hutun ƙarshen Disamba ya ishe su.

Biki na musamman da aka keɓe don tsuntsaye kaɗai, irin wanda ake yi a waɗansu ƙasashe, bai kafu a wannan yanki ba tukuna. Amma akwai abubuwa uku da kan faɗo kusa da juna, mai dabara kuwa zai iya haɗa biyu daga ciki a tafiya ɗaya. Cikin Janairu masana kan fito ƙidayar tsuntsayen ruwa, wadda ake yi a ƙasashe da yawa a lokaci guda. Ran 2 ga Fabrairu ita ce Ranar Fadamu ta Duniya, don tunawa da yarjejeniyar da aka sa wa hannu a garin Ramsar na ƙasar Iran a 1971. Sa'an nan ga babban cikinsu, watau bikin kamun kifi da al'adun gargajiya na Bade, wanda ake yi a Gogaram da rani. An daɗe ba a yi shi ba saboda halin rashin tsaro da jihar ta shiga, sai a Fabrairun 2020 aka sake raya shi. Majalisar Mai Bade da gwamnatin jiha su ke tsai da rana, kuma ba kowace shekara ranar ke zama ɗaya ba. Don haka kada kowa ya sayi tikitin mota saboda jita-jita. Ya bugo wa ɗan'uwa a Gashuwa ko Jakusko waya, ko ya saurari sanarwa a gidan rediyon jihar.

Gogaram kanta abin gani ce. Ita ce tsohuwar hedikwatar Bade, wadda Lawan Babuje ya kewaye da ganuwa a ƙarni na 19, kafin daga baya a mai da fada Gashuwa. Ranar biki masunta kan jeru a bakin ruwa da gorunansu da homarsu, a ba da alama su auka gaba ɗaya, wanda ya fito da kifi mafi girma shi ke da kyauta. Wanda ya taɓa zuwa Argungu zai gane tsarin. Amma fa a sani, ranar biki ba ranar kallon tsuntsu ba ce. Ganga da jiniya da hayaniyar jama'a ba su barin ko zalɓe ya tsaya. A kalli biki yau, a kwana, gobe da asuba a nufi Dagona.

HANYA

Daga Ikko ko Badun zuwa Fataskum tafiya ce ta fiye da kilomita 1,000. Mai bin Jebba da Kaduna zai faɗa Kano, ya bi ta Wudil da Azare. Mai bin Lokoja da Abuja zai bi ta Jos da Bauchi da Darazo, kuma nan ne mutanen Anaca da Fatakwal da Aba kan haɗu da shi bayan sun ratso Makurɗi da Lafiya. Waɗanda suka saba bin tirelolin shanu idan za su koma wofi sun san wannan hanya kamar tafin hannunsu, amma mai tafiya da mata da yara ya nemi motar fasinja, kuma ya shirya kwana a hanya. Ajiye kuɗin masauki na dare ɗaya bai kai hatsarin tafiyar dare ba.

Bayan an huta a Yindiski, an gaisa da dangi, an raba tsaraba, sai a kama hanyar arewa. Hanya mafi kusa ita ce ta Jakusko zuwa Gashuwa. Akwai kuma ta zagaye, a bi Damaturu, a ratsa Dapci da Bayamari. Wace za a bi, wannan direbobin tasha za a tambaya a ranar, gama ruwa kan yi wa hanyoyin wannan yanki ɓarna. Ambaliyar 2022 ta ci gidaje da gonaki da dama a Jakusko da Gashuwa. Daga Gashuwa sai a ɗauki titin Nguru, a ratse hagu a bi turɓaya zuwa ƙauyen Dagona. Ƙaramar mota kan sha wuya a rairayin nan, saboda haka gara a ɗauki shatar mota mai ƙarfi ko a hau babura daga bakin titi. Wanda ba shi da uzurin biyawa Fataskum yana iya yankewa daga Kano ya bi Haɗeja ya shiga Nguru kai tsaye. Dattawa za su tuna zamanin da mutum kan hau jirgin ƙasa a Iddo ya sauka Nguru, tun da layin dogo ya isa can a 1930, jirgi na komawa da gyaɗa da fatu da shanu. Yau dai a dogara ga mota.

Maganar tsaro kuwa ba a ɓoye ta. Mutanen Fataskum ba su manta da abin da suka gani daga 2012 zuwa 2015 ba, a kasuwar shanu da makarantu da tashoshin mota. Al'amura sun yi sauƙi ƙwarai tun daga nan, kasuwanni na ci, amma har yanzu akwai shingayen bincike. Kowa ya riƙe katin shaidarsa, a tashi da wuri, a isa masauki kafin magariba. Mai ɗauke da kyamara ko tabarau mai hangen nesa kada ya fito da su a kusa da shingen soja, kuma idan an tambaye shi ya faɗi inda za shi ba tare da kwana-kwana ba.

Masauki a neme shi a Gashuwa ko Nguru. Tun da aka buɗe Jami'ar Tarayya a Gashuwa a 2013 garin ya ƙara samun baƙi da wuraren kwana. Amma lokacin bikin Gogaram ɗakuna kan ƙare, sai wanda ya riga ya yi magana.

ABIN DA ZA A GANI

Dagona tsohon gwiwar kogi ne da ruwa ya yanke ya bari ya zama tabki, itatuwan gabaruwa da goruba sun kewaye shi. Yana cikin Gandun Dajin Ƙasa na Yankin Tabkin Cadi, wanda aka kafa a 1991, shekarar da aka cire Yobe daga Jihar Barno. Gandun kashi uku ne: Cingurmi-Duguma a Barno, da tuddan rairayi na Bulatura a Yusufari, da kuma wannan ɓangare na Bade da Nguru. Saboda haka wurin yana da ma'aikata da doka. Baƙo ya fara gabatar da kansa ga ma'aikatan gandu, ya biya kuɗin shiga, ya karɓi rasit, a haɗa shi da ɗan rakiya. Ya kuma kyautu a biya a gai da mai gari, ko da ɗan goro ne, kamar yadda aka saba ko'ina a Arewa.

An ƙirga irin tsuntsaye fiye da 370 a fadamun Haɗeja da Nguru baki ɗaya, kuma a ƙidayar Janairun 1997 an sami tsuntsayen ruwa sama da 300,000. Ba wanda zai ga wannan duka a safiya ɗaya, amma ko wanda bai san komai ba zai rarrabe 'yan gida da baƙi idan an nuna masa.

'Yan gida dai sanannu ne. Ga dinya, babba baƙa mai farin ciki, wadda ke da ƙaya a gwiwar fiffike. Ga kirinjijiya mai farar fuska, wadda kan tashi garke guda tana fito kamar yara sun sami usur. Ga zalɓe tsaye cikin ruwa kamar an dasa shi, ga balbela bayan shanu, ga zakaran ƙeƙuwa da ba ya gajiya da tsegumi, da zarar ya hangi mutum sai ya sanar da kowa. Wani lokaci akan dace da kwasakwasa ko babba-da-jaka. Sama kuwa shirwa da shaho na shawagi suna jiran wanda zai yi sakaci.

Baƙin su ne ba su da sunaye na kansu a bakin yawancin mutane, sai a ce agwagwar ruwa kurum. Mafi yawa a cikinsu wata 'yar ƙaramar agwagwa ce da Turawa ke kira gagani, wadda namijinta ke da farin layi daga saman ido zuwa ƙeya, kamar an ja masa alli. Nauyinta bai kai rabin kilo ba, ko 'yar shila ta kusa kai ta, amma daga Rasha da gabashin Turai take zuwa. Akwai wata mai dogon wuya da wutsiya mai tsini kamar tsinke. Akwai kuma wani ɗan tsuntsu mai dogayen ƙafafu da kan cika gonakin shinkafa bayan girbi yana tsintar abin da ya zube. Nan ƙasar toka-toka yake, ba mai dubansa sau biyu. Amma idan ya koma gida lokacin aure, namijin kan fito da wani irin gashi kewaye da wuya kamar ɗan sarki ya sha alkyabba, su taru a fili suna gwada kwalliya. Kamar dai ɗan ci-ranin da ke yawo da tsumma a Ikko, ran Salla a gan shi a gida da babbar riga 'yar Dikwa.

Har da shamuwa suna da tasu. Wadda Bahaushe ya sani, mai baƙin baya da farin ciki, wadda zuwanta ke nuna damina ta kusa, 'yar Afirka ce. Da rani tana can kudancin nahiyar. Amma akwai babbar 'yar'uwarta fara mai jan baki da jajayen ƙafafu, wadda ke sheƙa a kan rufin gidaje a Jamus da Folan, ita kuwa da rani take zuwa nan. Wannan farar shamuwa ce ta fara tona wa Turawa asirin inda tsuntsayensu ke tafiya. A da har akwai masu cewa cikin laka suke shiga su yi barci sai bazara. A 1822 aka harbo wata a arewacin Jamus, aka iske mashi irin na Afirka soke a wuyanta, ta yi tafiyar dubban kilomita da shi. Har yanzu tana nan a ajiye a Jami'ar Rostock.

Daga baya sai masana suka shiga sa wa tsuntsaye ɗan zobe a ƙafa, mai lamba da adireshi. Masunta da mafarauta a wannan yanki sun sha samun irin waɗannan zobba, waɗansu su ɗauka laya ce ko abin tsafi, su jefar. Wanda ya ga irinsa ya kai wa ma'aikatan gandu, don da shi ake sanin inda tsuntsun ya fito da shekarunsa.

Wanda ba lalle a gani ba shi ne gauraka, mai tukku kamar zinariya, wadda ake ɗauka ita ce tsuntsuwar ƙasa ta Nijeriya. Tsofaffi sun san lokacin da take yawo garke-garke a fadamun Arewa. Kamu don sayarwa masu ajiye ta a gida, da ƙarancin wurin sheƙa, sun kusa ƙarar da ita a ƙasar nan. Duk mai kuɗin da ya sayi gauraka don ta yi masa ado a tsakar gida yana da hannu a wannan.

RUWAN DA KE RIƘE DA KOWA

Mai karatu na iya tambaya, me ya dami Bature da fadamar Bade? Amsa ita ce abin da ya same su a 1969. A bazarar wannan shekara masu lura da tsuntsaye a Ingila suka ga wani ɗan tsuntsu mai farin maƙogwaro, wanda da yake cika kowane shinge, ya ragu da kamar kashi biyu cikin uku. Da aka bincika sai aka gane farin da aka fara a ƙasashen bakin hamada shi ya kashe su a nan. Tun daga nan suka san cewa kome suka yi a can banza ne idan masaukin nan ya lalace. Shi ya sa a 1987 aka kafa shirin kare fadamun Haɗeja da Nguru, da haɗin gwiwar ƙungiyar kare tsuntsaye ta Ingila da takwarorinta na duniya da Gidauniyar Kare Muhalli ta Nijeriya, ofishinsa a Nguru. A 1989 mijin Sarauniyar Ingila, Yarima Filif, ya zo Dagona da kansa. A shekara ta 2000 tabkin Nguru da mashigin Marma suka zama wuri na farko a Nijeriya da aka sa cikin jerin fadamun Ramsar, Dagona da Baturiya ta Jihar Jigawa suka biyo baya a 2008.

Amma batun ya fi ƙarfin tsuntsu. Kogin Haɗeja daga ƙasar Kano yake tasowa, na Jama'are kuwa daga tsaunukan Jos. Idan suka iso wannan shimfiɗaɗɗiyar ƙasa mai tsoffin tuddan rairayi sai su rarrabu, su malale, kafin su sake haɗuwa kusa da Gashuwa su zama Kogin Yobe mai zuba a Tabkin Cadi. Wannan malala ita ce arzikin mutum fiye da miliyan ɗaya. Da damina a shuka shinkafa, ruwa ya ja a bi danshi da wake da kabewa, a yi lambun tattasai da albasa da alkama, masunci ya kama tarwaɗa da karfasa da bargi, Bafillace ya sauko da shanunsa da rani. Bandar kifin da ake saya a kasuwannin Kudu, da barkonon da ake saukewa a Mil Sha Biyu, da shanun da ake lodi a Fataskum, da yawansu ruwan nan suka sha. Har busassun kwaɗi ana lodinsu daga yankin Nguru zuwa Kudu, inda suke da masu saye.

A 1974 aka gama madatsar Tiga, a 1992 aka gama ta Challawa. Ba mai musun amfaninsu ga birnin Kano da manoman Kadawa da Kura. Amma ruwan da aka tare a sama shi ne wanda bai iso ƙasa ba. Filin da ambaliya kan rufe, wanda a shekarun 1960 yakan wuce murabba'in kilomita 2,000, ya zo ya ragu da fiye da rabi a shekaru da dama, musamman lokacin farin 1984. A farkon shekarun 1990 wani masanin tattalin arziki, Edward Barbier, da abokan aikinsa suka auna abin da fadamar ke samarwa na noma da kifi da itace, suka gwada da abin da noman rani na Kano ke samarwa da ruwa daidai wannan, suka iske na fadama ya fi nesa ba kusa ba. Wannan lissafi na cikin hujjojin masu adawa da madatsar Kafin Zaki a kan Kogin Jama'are, wadda aka daɗe ana ja-in-ja a kanta tsakanin Bauchi da jihohin da ke ƙasa.

Sa'an nan ga kacala. A da kogin kan cika da damina ya bushe da rani, bushewar nan kuwa ita ke kashe ciyawa. Da madatsu suka sa ruwa na gudana kaɗan-kaɗan duk shekara, sai wannan doguwar ciyawa ta sami wurin zama, ta toshe hanyoyin ruwa, laka ta taru. Sakamakon haka wani gari ruwa ya yi masa yawa har ya cinye gonaki, wani kuma ko ɗigo bai isa ba. Cikin kacalar nan ne jan-baki ke kwana, tsuntsun da kan sauka wa gonar gero ko shinkafa kamar hadari ya bar manomi da kara. Saboda haka kada baƙo ya yi mamaki idan ya ce ya zo kallon tsuntsaye, wani manomi ya dube shi shekeke. Mutumin da ya kwana uku yana kaɗa gwangwani a gona yana da dalilinsa. A 2006 Gwamnatin Tarayya da jihohi shida, watau Kano da Jigawa da Bauchi da Filato da Yobe da Barno, suka kafa asusu na musamman a Damaturu don gyaran wannan kogi, an kuma yi ta yashe hanyoyin ruwa, gwamnati da mutanen gari da aikin gayya. Amma wanda ya bi titin Nguru zai gani da idonsa cewa kacala ba ta sallama ba.

GUZURI DA LADABI

Kayan da ake bukata ba su da yawa. Rigar sanyi da hula da mayafi, gama sanyin asuba a bakin ruwa cikin Janairu ba irin na Ikko ba ne, yaran da aka haifa a Kudu kuwa shi zai fara kayar da su. Man shafawa saboda kaushi, ruwan sha mai tsabta, gidan sauro. Tufafi su zama masu duhu ko ruwan ƙasa. Farar shadda mai sheƙi tun daga nesa take korar tsuntsu. Tabarau mai hangen nesa shi ne babban makami, ana samun na hannu a kasuwannin Ikko da araha, ɗaya ya ishi gida guda a riƙa karɓa-karɓa. Kyamarar waya ba ta kamo abin da ke tsakiyar tabki, kada a ɓata lokaci. A ba kowane yaro ɗan littafi da fensir ya rubuta abin da ya gani, a kuma roƙi ɗan rakiya ya faɗi sunan kowane tsuntsu da Hausa da Badanci. Ɗalibin da abin ya shiga ransa ya sani akwai cibiyar nazarin tsuntsaye ta Leventis a Laminga kusa da Jos, wadda ke aiki da Jami'ar Jos, kuma 'yan Arewa da dama sun yi digiri na biyu a can.

A isa bakin ruwa kafin rana ta fito, ko kuma bayan la'asar. Da tsakar rana tsuntsaye kan lafa, hazo kuma kan rufe ido. A yi magana ƙasa-ƙasa, a kashe waƙar waya. Bindiga da gwafa da tarko haramun ne a cikin gandu, kuma ana kai mutum kotu a kansu. Kada a sayi tsuntsu mai rai a hannun yara a bakin hanya da sunan tausayi, don sayen shi ke sa gobe su kamo wani. Kada a taɓa mushen tsuntsu. Tun da murar tsuntsaye ta ɓulla a Jihar Kaduna a 2006 likitocin dabbobi ke ta wannan gargaɗi. Yara kuma kada a bar su su shiga ruwan da ke kwance, saboda tsargiya. Mai son shiga kwalekwale ya yi ciniki da masunci tun a tudu, ya kuma ƙirga mutanen da za a ɗauka. Idan mai jirgi ya ce shida, kada a ce bakwai.

Kuɗin tafiya kuwa ya fi sauƙi idan an haɗu. Ƙungiyoyin 'yan gari ɗaya da ke Agege da Idi-Araba da Sabon Badun sun saba tara kuɗi don ɗaukar mota lokacin Salla ko biki. Gida uku ko huɗu na iya ɗaukar bas guda daga Fataskum, a tashi da hantsi, a kwana Gashuwa, a yi asubanci zuwa Dagona, a ci kifi a Nguru da rana, a sake kwana, a juyo. A riƙe tsabar kuɗi 'yan canji, gama a ƙauye ba kullum waya ke samun layi ba balle a tura kuɗi.

Wanda hutunsa bai ba shi damar zuwa ba sai bayan Maris ya haƙura da baƙin Turai sai baɗi. Zai dai iske dinya da kirinjijiya a inda ruwa ya rage, kuma idan ya daɗe har hadari ya fara haɗuwa a gabas, zai ga shamuwa ta dawo tana gyara sheƙarta a kan itatuwan cikin gari.